Taurari Biyu a Littafi Ɗaya: Nazarin The Boy Who Played with Fusion

A fagen nazarin labari, tauraro shi ne wanda labari ya rataya a wuyansa. A littafin Tom Clynes na 2015 kuwa taurari biyu ne: Taylor Wilson, yaron jihar Arkansas ta Amurka, da ɗan ƙaramin tauraron da ya kunna a cikin tukunyar ƙarfe a 2008 yana ɗan shekara 14. Wannan muƙala na ganin cewa hasken na farkon ya kashe wa marubucin ido, har bai auna na biyun yadda ya kamata ba.

Na'urar da Wilson ya haɗa, wato fusor, ta samo asali daga aikin Philo Farnsworth a shekarun 1960. Ana zuƙe iskar tukunya, a saka iskar diyutiriyom kaɗan, sannan a sakar mata wutar lantarki mai dubban bolt har ƙwayoyin zarra su yi karo su haɗe, su fitar da niyutiron. Haɗewar gaskiya ce, amma wutar da na'urar ke sha ta ninka wadda take bayarwa nesa ba kusa ba. Sai a Disambar 2022 cibiyar Lawrence Livermore, da hasken leza 192, ta samu megajul 3.15 daga 2.05 da ta harba. Salon kambamawa da Clynes ya zaɓa yana sa mai karatu ya manta da faɗin wannan tazara.

Ƙarfin littafin yana ga jigon tarbiyya. Wilson yana ɗan shekara 11 ya karanta The Radioactive Boy Scout na Ken Silverstein, labarin David Hahn na jihar Michigan, wanda ya yi ƙoƙarin gina injin fasa ƙwayar zarra a rumfar bayan gida ba tare da jagora ba, har hukumar kare muhalli ta rushe rumfar a 1995. Hahn ya rasu a 2016 yana da shekara 39. Wilson kuwa iyayensa sun yi ƙaura zuwa Reno domin karatunsa, malaman Jami'ar Nevada suka ba shi ɗakin gwaji, suka sa masa ido. Ashe tauraron ma ba a gida aka kunna shi ba.

A nan ne marubucin ya gaza. Ya gabatar da labarin a matsayin darasi ga iyaye, alhali abin da ya raba yaran biyu ya haɗa da wadata da dace, waɗanda ba a koyar da su. Gwani ba ya tsirowa shi kaɗai, kuma yaron da ya kwaikwayi Wilson ba tare da irin gatansa ba, makomar Hahn ta fi kusa da shi. Littafin ya cancanci karatu, amma sai a ajiye na Silverstein a gefensa.