Hoton da ke kashe liyari

A Gure, tsohuwar fadar Muniyo, har yau akwai gidajen da ke adana liyari, babban kuɗin azurfa mai fuskar Sarauniya Mariya Tereza ta Austiriya. Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa garin a 1852, da wuri da wannan kuɗi ake ciniki a ƙasar Barno. Ƙungiyoyin al'adu da malaman makaranta sun dukufa wajen ɗaukar hotunan irin waɗannan kayan gado, abin yabo ne. Sai dai galibin hotunan ba sa nuna komai face farin faifai mai kashe ido.

Dalilin a fili yake. Azurfa madubi ce. Idan fitilar wayar salula ta faɗa mata daga inda idon kyamara yake, hasken komowa yake yi kai tsaye, ya shafe tudu da kwarin da ke fuskar kuɗin.

Asarar ta wuce ta kyan gani. Kusan kowane liyari 1780 aka rubuta a jikinsa, shekarar da sarauniyar ta rasu, ko da an buga shi a Landan, Paris ko Bombay bayan fiye da shekara 150. Nauyin ma ɗaya ne, kimanin giram 28. Saboda haka shekarar ba ta ba da labari. Labarin yana cikin gogewar da hannuwa suka yi masa, da hujin da maƙerin fari ya huda don a rataya shi a wuyan amarya, da baƙin da ya kwanta tsakanin haruffa. Waɗannan ne fitila ke fara cinyewa. Mafi muni shi ne mai wanke kuɗin da toka da lemun tsami wai don hoto ya fito; wannan ɓarna ba ta gyaruwa.

Gyaran bai bukatar kayan Turai. A kashe fitilar, a shimfiɗa baƙin ƙyalle a zaure da hantsi, a bar hasken ƙofa ya shigo ta gefe, ƙasa-ƙasa, har kowane harafi ya sami inuwarsa. Farar takarda a ɗaya gefen za ta sassauta duhun. A ɗauki gaba da baya, a ɗauki bakin kuɗin ma, domin akwai rubutu a kewayensa, sannan a rubuta daga wane gida ya fito.