Jan Rai da Ba-zata: Sharhi a kan Fina-finan Zullumi na Da da na Yanzu

1.0 Gabatarwa

Fim ɗin zullumi shi ne wanda aka tsara domin a riƙe mai kallo cikin ɗar-ɗar, yana jiran abin da zai auka wa tauraro. Ya bambanta da fim ɗin ban tsoro, wanda ke dogara da dodanni da jini. Matasa kan ce fina-finan da sun cika sanyi, manya kuwa su ce na yanzu hayaniya ce kawai. Wannan takarda za ta auna ɓangarorin biyu da ma'auni ɗaya, wato me aka sanar da mai kallo, kuma yaushe aka sanar da shi.

2.0 Ma'auni

Alfred Hitchcock (1899-1980), haifaffen Ingila wanda ya yi suna a Amurka, ya ba da wani misali a hirarsa da François Truffaut a 1962. Mutum biyu suna hira a bakin tebur, kwatsam bam ya tashi. Mai kallo zai razana na daƙiƙa 15, shi ke nan. Wannan ita ce ba-zata. Amma idan tun farko an nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin tebur, ga agogo yana tafiya, to hirar nan ta banza za ta zame masa minti 15 na fargaba. Wannan shi ne jan rai. Ke nan ba-zata tana rayuwa da ɓoyewa, jan rai kuwa da bayyanawa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin Hausa. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, mai karatu ya san makircin Waziri alhali Musa bai sani ba, shi ya sa kowane labari da aku ya ɗauko don ya tsare yaron a gida yake da nauyi.

3.0 Fina-finan Da

3.1 Ƙarfinsu

Babban ƙarfin waɗannan fina-finai shi ne haƙuri. A Rear Window (1954) na Hitchcock, tauraron mai ɗaukar hoto ne da ya karye a ƙafa, yana zaune a bakin taga yana zargin maƙwabcinsa da kashe matarsa. Budurwarsa Lisa ta haura ɗakin mutumin don neman shaida. Ta wata taga muna ganinta tana bincike, ta wata kuma ga mai ɗakin ya dawo. Tauraron yana gani, mu ma muna gani, amma babu mai iya yi mata magana. An mayar da mai kallo gurgu kamar tauraron, kuma ba a zubar da ko ɗigon jini ba.

Haka ma Le Salaire de la peur (1953) na Bafaranshe Henri-Georges Clouzot. Mutum huɗu aka ba manyan motoci biyu maƙare da sinadarin da ke fashewa da ƙaramar girgiza, su bi mugunyar hanya a Kudancin Amurka. Clouzot ya ɓata kusan awa guda yana nuna talauci da zaman kashe wandon da ya sa suka karɓi aikin. Saboda mun san su, kowane rami a hanya sai ya zama abin tsoro.

3.2 Rauninsu

Rauni na farko shi ne ƙarshen da aka tilasta. Daga 1934 zuwa 1968 dokar tace fina-finai ta Hollywood ba ta yarda mai laifi ya tsira ba, kamfanoni kuma suna kishin sunan taurarinsu. A Suspicion (1941), an kai mu ga gaskata cewa miji zai kashe matarsa, har ga shi ya hau bene da kofin madara mai ƙyalli cikin duhu. A ƙarshe sai aka wanke shi, alhali a littafin da aka ɗauko labarin mai kisa ne. An gina rijiya, an hana guga.

Na biyu shi ne yawan bayani. Psycho (1960) ya girgiza duniya da kashe tauraruwarsa tun kafin a kai rabin fim, amma a ƙarshe aka kawo likitan ƙwaƙwalwa ya tsaya yana lacca a kan abin da mai kallo ya riga ya gane. Na uku, sau da yawa mace ita ce abin farauta kawai, aikinta ta yi ihu a zo a cece ta.

4.0 Fina-finan Yanzu

4.1 Ƙarfinsu

Fina-finan yanzu sun sami 'yancin da na da ba su samu ba. Mai laifi na iya tsira, kuma ana iya barin tambaya ba amsa. A Caché (2005) na Michael Haneke, ana aiko wa wani ɗan jarida kaset ɗin bidiyon ƙofar gidansa, kuma har fim ya ƙare ba a faɗi wanda ke aikowa ba. Abin da aka tono shi ne alhakin da ke kansa tun yana yaro, wanda ke da nasaba da kisan 'yan Aljeriya a Paris ranar 17 ga Oktoba 1961. A nan zullumi ya zama hanyar tuhumar al'umma.

Abin lura shi ne, mafi ƙarfinsu suna bin tsohuwar ƙa'idar nan. A Parasite (2019) na Bong Joon-ho ɗan Koriya ta Kudu, uba da 'ya'yansa biyu sun ɓuya a ƙarƙashin teburin falo, masu gida kuma suna kwance a kujera dab da su, har maigidan yana ƙorafin warin jikin direbansa, wanda ke jin sa. A Drishyam na Indiya (2013, an sake yin sa da Hindi a 2015) mun san tun da wuri yadda saurayin ya mutu a gidan tauraro. Tambayar ita ce ko iyalin za su jure tambayoyin 'yan sanda.

4.2 Rauninsu

Rauni na farko shi ne dogara da juyin ƙarshe. Ba sabon abu ba ne, domin Les Diaboliques (1955) na Clouzot ya rufe da roƙon masu kallo kada su tona sirrin. Amma tun daga The Usual Suspects (1995), inda ya bayyana cewa mai ba da labarin maƙaryaci ne, masu kwaikwayo suka mayar da juyin tamkar farilla. Idan an ɓoye wa mai kallo komai, ba shi da abin da zai ji wa tsoro, sai dai ya yi ta cinta kamar mai amsa kacici-kacici.

Na biyu shi ne gaggawa. Manazarci David Bordwell ya nuna cewa tsakanin 1930 da 1960 ɗauka guda a fim ɗin Hollywood kan kai daƙiƙa 8 zuwa 11, amma zuwa 2000 ta koma 3 zuwa 6. Ido da ake ta fizga ba ya samun sukunin gane ina ƙofa take, ina maƙiyi yake, sai a cike giɓin da kiɗa mai firgitarwa. Na uku, wayar hannu ta rushe dabaru da yawa, don haka marubuci malalaci kan fake da ƙarewar caji ko rashin sabis.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa shekarun fim ba su ne ke ba shi daraja ba. Na da sun iya jira amma an ɗaure musu ƙarshe, na yanzu sun sami sakewa amma da yawansu sun rasa haƙuri. Gwaji mafi sauƙi shi ne kallo na biyu. Fim ɗin da jarinsa ba-zata ce kawai, da an san sirrinsa ya zama fanko. Wanda aka gina da jan rai kuwa, ko sau nawa aka kalla, gaba zai faɗi idan maƙwabcin nan ya doso ƙofa.

Ana son kowane ɗalibi ya zaɓi fitowa ɗaya daga fina-finan da aka ambata, ya kalle ta ba sauti, sannan ya rubuta shafi guda da Hausa a kan abin da shi ya sani wanda tauraro bai sani ba, da kuma lokacin da aka sanar da shi.