Buhu a Bayan Keke, Daga Gona Zuwa Bakin Titi

Titin kwalta da ya tashi daga Funtua ya ratsa Bakori ya nufi Malumfashi shi ne abin da matafiyi yake gani, amma ba a bakinsa aka noma masarar da ke cika manyan motoci ba. Gonakin suna can ciki, bayan tudu, ƙetaren rafi, gindin dutse. Abin da ya haɗa su da titi siririyar hanya ce da ƙafa ta fitar. Wani wurin burtalin shanu ne tsakanin shinge biyu, wani wurin faɗinta bai wuce taku ɗaya ba. Ƙasar nan tudu ce, daga nan kusa da Funtua kogin Sakkwato yake farowa, kuma duk inda ruwa yake gangara yakan bar kwazazzabo da yashi a bayansa. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtua ya isa Ƙauran Namoda tun 1929 domin kwasar auduga da gyaɗa, amma jirgi bai taɓa shiga gona ba. Tsakanin gona da tasha sai kai, sai jaki, daga baya keke ya shigo.

A Amurka hawan keke a irin wannan hanya wasa ne mai zaman kansa. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka fara gangarowa daga duwatsu a kan tsofaffin kekuna masu faɗin taya, a 1976 suka fara tsere, birki yana ɗaukar zafi har giris ɗin cikinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani. A 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Yau kekunansu suna da giya barkatai da sifirin mai shanye girgiza, hanyoyinsu kuma an yi musu alama da launi: kore ga ɗan koyo, shuɗi ga mai matsakaicin hannu, baƙi ga gwani. Da za a yi wa hanyoyin ƙauyukan Ƙafur ko Ɗanja irin wannan alama, da rani shuɗi za su samu, a watan Agusta baƙi. Sai dai mutuminmu yana bin su da keke mai giya ɗaya, da buhun masara mai kilo 100 a bayansa, kuma ba wanda ya taɓa kiran abin da yake yi ƙwarewa. Ni kuwa ƙwarewa nake kiransa.

Keken shi ne baƙin nan da kowa ya sani, mai taya inci 28, mai birkin sandunan ƙarfe maimakon waya. Raleigh na birnin Nottingham a Ingila shi ya kafa samfurin, har an yi zamanin da ake harhaɗa shi a Kano, sannan Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya suka cika kasuwa.  Mai gyaran keke da mai walda su suke mayar da shi abin ɗaukar kaya. Za a cire kariyar da ya zo da ita, wato mazaunin kaya na baya, a ƙera wata da rodi, mai faɗi, ƙafafunta su sauka daidai kan ƙarfen da tayar baya take juyawa a kai. Wasu sukan ƙara sanduna biyu a gaba, daga wuyan keke zuwa tsakiyar taya, don kada ƙafar gaba ta lanƙwashe in an faɗa rami.

Amma ran keken yana ga tayar baya, kuma a nan ake gane mai gyara na gaske. Garen keke, wato da'irar ƙarfen da ake sa wa taya, ba shi da wani ƙarfi shi kaɗai, hannu biyu ma suna iya murɗe shi. Wayoyin da suka ɗaure shi da cibiyarsa su ne ƙarfinsa. A tsohon tsarin Ingila 32 ne a gaba, 40 a baya, domin baya ke ɗaukar nauyi. Rabi suna ja dama, rabi suna ja hagu, kowace ta ratsa 'yan'uwanta kafin ta isa gare. Mai gyara zai kifa keke a kan sirdi, ya juya tayar a hankali, ya kafa babban yatsa kusa da gefen gare. Inda ƙarfe ya shafi yatsa, nan ya karkata. Ba zai buga shi da guduma ba. Zai nemi wayar da ke ja ɗaya ɓangaren ya ɗaure ta rubu'in juyi, ya sassauta maƙwabciyarta rubu'in juyi, ya sake juyawa. Haka zai yi ta bi, ba gaggawa, har gare ya wuce yatsa ba tare da ya taɓa ba. Daga nan sai ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ƙyasta su da farce yana saurare, kamar mai gyara tsirkiyar garaya. Wadda ta yi ƙara a dushe ta saki. In aka bar ta, nauyinta zai koma kan na kusa da ita, su tsinke ɗaya bayan ɗaya, kuma ba sa tsinkewa sai a tsakiyar daji da kaya a kai.

Kafin ya mayar da taya zai buɗe cibiyar ya zubo boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da take mirginawa a kansu, ya wanke su da kananzir, ya duba ko akwai wanda ya tsage, ya jera su cikin sabon giris. Ɗaurin nan ma da ma'auni: in ya matse taya za ta yi nauyi, in ya saki za ta yi lilo. Sau da yawa zai yanko tsohuwar taya ya shimfiɗa a cikin sabuwa don ta tare ƙaya, domin tsidau yana kwance a kowace hanyar gona da kaka, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa inda aka yi shinge. Yaron shago yana tsugune yana kallo. Maigida ba ya yawan bayani, iyakaci ya ce, “Kai yaro, sa yatsanka nan,” ya juya tayar.

Ɗaurin kaya ilimi ne daban. Buhu yana kwanciya a gicciye, tsakiyarsa daidai kan tsakiyar tayar baya ko ɗan gaba kaɗan. In ya zame baya da faɗin tafin hannu, gaban keke zai yi sakayau, da an fara hawa tudu ya ɗaga sama. Kafin a ɗora, sai an jijjiga buhun hatsin ya rabu daidai, an ɗan dafa tsakiyarsa ya yi kwari yadda zai rungumi kariya. Ba a ɗaurewa da igiya, domin hatsi yana zama a hanya, buhu ya rage girma, igiya ta saki. Da roba ake ɗaurewa, wadda aka yanko daga tsohon tif na mota, ita kuwa tana bin buhu duk yadda ya motsa. Ana ja ta a gicciye, daga ƙafar kariya ta dama zuwa ta hagu, a dawo, a soke bakinta a ƙarƙashin ɗaurin. Sannan mai kaya ya kama sirdi ya girgiza keken da ƙarfi. In buhu da keke suka motsa tare, an gama. In buhu ya yi jinkiri ko kaɗan, a kwance a sake.

Iskar taya ma da lissafi. Taya mai ɗan laushi ta fi kama ƙasa, amma da buhu a kai, in ta hau bakin dutse gare zai cije tif ya huda shi wuri biyu a jere. Don haka mai kaya yakan cika ta baya tam, ya ɗan rage ta gaba.

Sai hanya. Gwani ba ya kallon tayarsa, idonsa yana can taku goma a gaba yana karanta launin ƙasa. Jan marmara mai tsakuwa tana da tauri, amma tsakuwar tana mirginawa a kwana. Fako, wato ƙasar da ta daskare ba ta fid da ciyawa, nan ne wurin samun gudu. Inda ƙasa ta yi fari ta yi laushi, yashi ne, kuma yashi shi ke kayar da baƙo. Baƙo yana ganinsa zai taka birki ya murɗa kan keke, tayar gaba ta nutse, shi ke nan. Gwani tun daga nesa yake ƙara ƙarfi, ya ja jikinsa baya a kan sirdi, ya sassauta riƙo, ya bar keken ya nemi hanyarsa, ƙafa kuma ba ta daina juyawa har sai an fita. In yashin ya yi tsawo yakan bi gefe inda saiwar ciyawa ta riƙe ƙasa, amma ba can cikin ciyawar ba, don nan ƙaya take.

Da damina lissafin yana canzawa gaba ɗaya. Baƙar lakar fadama tana manne wa taya, ta taru tsakaninta da murfin da ke tare taɓo har ta tsaya cik. Shi ya sa za ka ga an cire murfin da zarar ruwa ya zauna, ko an soke ɗan kara a kariya na ƙwaƙule laka. Burtalin da shanu suka taka yana jiƙe, in ya bushe sai ya zama ramuka ƙanana masu kaifin baki, a nan dole a ɗaga jiki daga sirdi gwiwa ta shanye girgiza, in ba haka ba wayoyin baya su za su biya. Bakin kwazazzabo bayan ruwan dare abin tsoro ne, domin sama yana nan kamar jiya, ƙasa kuwa ruwa ya rarake. Falalen dutse in ya bushe taya tana kama shi sosai, amma baƙin zanen da ruwa ya bari a jikinsa yana da santsi in ya jiƙe, ba a taka birki a kansa.

Akwai wani abu da ba ya ganuwa sai an faɗa wa mutum. Birkin irin wannan keke roba ce ke matse garen ƙarfe, kuma jiƙaƙƙen ƙarfe ba ya jin roba. Wanda ya ƙetare rafi ya hau gangara nan take, zai matsa birki ya ji ba komai. Don haka da an fito daga ruwa gwani yakan ɗan matse birki yana tuƙi, taku ashirin ko talatin, har gare ya bushe ya ji ya fara kamawa.

Hawan tudu da giya ɗaya ba wuya ce ta ƙafa kaɗai ba. Masu ɗaukar kaya sukan sa a canza musu ƙaramin faifan sarƙa na baya da mai yawan haƙora, gudu ya ragu, feda ta yi sauƙi. In hanya tana da faɗi ana hawa a karkace, dama da hagu. Amma babban sanin shi ne sanin lokacin sauka. Wanda ya jira sai keke ya tsaya kafin ya sauka, buhu ya riga ya rinjaye shi. Gwani yana sauka da sauran motsi, ƙafa ta ƙetare sandar tsakiya ta gaba tun da buhu ya tare baya, ya tsaya ta hagu, ya jingina keken kaɗan a ƙugunsa, hannu ɗaya a kan keke kusa da birki, ɗaya a bayan buhu. Turawa ba gazawa ba ce a wurinsa, tana cikin aikin.

Gangara ta fi hawa haɗari. Nauyin mutum da keke da buhu ya doshi kilo 200, kuma in ya ɗauki gudu ba robar da za ta tsayar da shi. Ba a bari gudun ya fara. Tun daga kan tudu ake riƙe birkin baya, a riƙa taimaka masa da na gaba kaɗan kaɗan, feda biyu a daidaice don kada ɗaya ta daki kututture. Ana rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.

Duk wannan ba a rana ɗaya ake samunsa ba. Yaro yana farawa da zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya tun bai kai sirdi ba, ya kai abinci gona, ya ɗauko jarkar ruwa wadda take koya masa yadda kaya ke lilo, sannan rabin buhu. Sa'anninsa da suke wuni a gindin bishiya suna iya tsere a kan kwalta, amma sarƙar kekensu tana kuka don ba mai ɗiga mata baƙin mai, kuma in sun sauka yar da shi suke yi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin ɗauko buhu a babur ya tashi, kekuna da yawa da aka jingine a zaure sun koma hannun masu gyara. Waɗanda ba su taɓa sakin aikin ba su ne yanzu ake tambaya ta ina ake bi, da wane lokaci ya kamata a fito a kuma dawo, musamman a ƙauyukan yamma wajen Faskari da Sabuwa inda rashin tsaro ya sa sanin hanya ya wuce maganar yashi da laka.

A bakin titi ko ƙofar kasuwar hatsi irin ta Ɗandume, saura sauke kaya, kuma nan ma ana jin ciwo. Ba a dogara da jigon keke, wato ƙafar da ake tsayar da shi a kanta, buhu ya fi ƙarfinsa. Mai kaya yakan jingina keken a bango ko ya sa wani ya riƙe masa kai, ya danne sirdi da ƙirji don kada gaba ya ɗaga. Ɗaurin da aka yi a ƙarshe shi ake fara kwancewa, roba tana naɗe a hannu, fuska a kauce, domin robar da aka ja da ƙarfi in ta kuɓuce ido take nema. Sannan a mirgino buhun ta gefe zuwa kafaɗar ɗan dako, a naɗe robar a kariya, a matsa tayar baya da yatsa a ji ko ƙaya ta shiga kafin a juya ɗauko na biyu.