Jinjina ga Masu Gyaran Injin Ban-ruwa na Likoro

Da damina ta ɗauke, hunturu ya kama, sai manoman Likoro su fito da injinan ban-ruwa. Wata da watanni suna ajiye: tsohon fetur ya toshe kafireta, tsatsa ta riƙe fanka, igiya ta ƙi jawuwa. Makaniki zai zauna a ƙasa ya kwance injin, ya wanke kafireta ya hure ta, ya kankare fulogi, ya sauya baƙin mai, ya ɗura wa famfo ruwa. Yana finciko igiya, sai ruwa ya tunkuɗo ta tiyo.

Raken kasuwar Maƙarfi da tumatirin fadamun Kudan, duk akwai guminku a ciki, ku makanikai. Allah ya yi wa sana'arku albarka.