Kowa Shugaba, To Wa Zai Bi Layin Zaɓe?

Sandra Day O'Connor, mace ta farko da ta zama alƙaliya a Kotun Ƙoli ta Amurka, ta ajiye aiki a 2006 da damuwa guda a ranta: matasan ƙasarta ba su san yadda gwamnati da kotuna ke gudana ba. A 2009 ta kafa shirin da daga baya aka sa wa suna iCivics, inda yara ke buga wasannin kwamfuta kyauta domin su koyi sha'anin mulki. Niyyar mai kyau ce, an ce da wasa ake faɗa wa wawa magana. Sai dai wasa ma labari ne, kuma duk labarin da ya zo hannunmu mukan tambaya: wane ne tauraronsa?

A wasan Win the White House, tauraron shi ne ɗan takara. Kai za ka tara kuɗi, ka auna ra'ayin jama'a jiha-jiha, ka yi talla, har ka haɗa ƙuri'u 270 cikin 538 na wakilan zaɓe. Masu zaɓen kuwa launi ne a taswira, ja ko shuɗi, suna rikiɗa gwargwadon wahalar da ka yi a kansu. Yaron da ya ƙware a nan ya koyi yadda ake farautar ƙuri'a, alhali shi rayuwarsa za ta ƙare ne a matsayin wanda ake farauta.

Haka abin yake a Democracy 3: Africa, wanda kamfanin Positech na Ingila ya fitar a 2016, ya sa ƙasashe goma ciki har da Najeriya da Ghana. Kana buɗewa ka zama shugaba, kowane zagaye wata uku ne na mulki. Dole mu yaba masa a abu ɗaya: yana nuna cewa kowace doka tana da jela. Ka ƙara haraji ka samu kuɗin asibiti, amma ka ɓata wa masu jari rai. Wanda ya buga zai rage saurin cewa "da ni ne, cikin mako guda zan gyara". Amma jama'a a ciki an kasa su gida-gida, talakawa, masu addini, kowane gida da ma'aunin farin cikinsa. Aikinsu su ji daɗi ko su fusata, su kayar da kai ranar zaɓe, wasu ma su ƙulla maka kisa. Ba a ba mai wasa damar shiga rigarsu ya ga yadda duniya take daga can ƙasa ba.

Inda iCivics ya fi dacewa da manufarsa shi ne a wasannin da ba su da kwarjini. A Cast Your Vote, kai mai zaɓe ne: ka ware matsalolin da suka dame ka, ka saurari 'yan takara, ka bincika, sannan ka jefa ƙuri'a. A Do I Have a Right? kuwa, kana tafiyar da ofishin lauyoyi, mutane na shigowa da koke, kai kuma ka tantance ko tsarin mulki ya ba su haƙƙi. Babu fada, babu jiniya, amma nan ne aikin ɗan ƙasa yake.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. A kalankuwa, samarin ƙauye kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu bayan kaka, su kwaikwayi mulki. Bambancin shi ne waɗanda ake mulka mutane ne masu baki, suna iya musu, suna iya yi wa sarkin dariya. Tashe ma daga ƙasa yake kallon sama: yara ne ke yi wa manya hannunka-mai-sanda cikin raha a watan azumi.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista a Najeriya, amma kimanin miliyan 25 kaɗai suka fito. Masu son kujera ba su yi mana ƙaranci ba. Saboda haka kiranmu ga marubuta da matasanmu masu ƙera manhaja shi ne, idan za ku tsara irin wannan wasa, ku ɗauko tauraron daga layi. Ku ba mu matar da za ta karɓi katin zaɓenta, ta ƙi taliya da sabulun ɗan siyasa, ta tsaya har a ƙirga ƙuri'u a rumfarta, sannan bayan wata shida ta tara maƙwabta su je su tambayi kansila labarin rijiyar burtsatsen da ya yi alkawari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai a ba shi wasan da zai koya masa inda zai kai ƙara.