Wa Ke Biyan Kuɗin Ceton Muhalli a Otal?

Duk wanda ya taɓa kwana a babban otal ya san ɗan katin nan na banɗaki: rataye tawul ɗinka idan za ka sake amfani da shi, ka taimaka wajen tattalin ruwa. Ba ni da ja da tattalin ruwa. Abin da ke hana ni gaskata katin shi ne, duk tawul ɗin da ba a wanke ba, kuɗin sabulu da na wuta sun tsaya a aljihun mai otal, kuɗin ɗaki kuwa ko sisi bai ragu ba. Tun 1986 wani Ba'amurke mai rajin kare muhalli, Jay Westerveld, ya yi wannan ƙorafi, bayan ya ga irin katin a wani wurin shaƙatawa na ƙasar Fiji da ke ta faɗaɗa gine-ginensa.

Baƙi ma ba a barci suke ba. A wani bincike da Noah Goldstein da Robert Cialdini da abokin aikinsu suka wallafa a 2008, katin da ke wa'azin muhalli ya sa kusan kashi 35 cikin ɗari na baƙi sun sake amfani da tawul. Da aka rubuta cewa yawancin baƙi haka suke yi, sai adadin ya kai kusan 44. Wato baƙo ya fi yarda da ɗan'uwansa baƙo a kan wa'azin mai gida.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne batun masu gyaran ɗaki. Otal-otal na Marriott sun taɓa gudanar da wani tsari: ka yafe a share maka ɗaki, a ba ka maki. Baƙo ya ji ya yi abin kirki, har da tukuici. Matan da ke sharar kuwa suka ce kwanakin aikinsu sun ragu, albashi ya bi, ga shi ɗakin da ya kwana uku ba a taɓa ba ya fi wuyar gyara, sai an ƙara ƙarfi da sinadari. Wannan na cikin koke-koken da suka fito fili a yajin aikin da dubban ma'aikatan kamfanin suka yi a biranen Amurka a 2018. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai inda aka yi da gaske. A farin da ya addabi birnin Cape Town a 2018, lokacin da aka ƙayyade wa kowa lita 50 a rana, otal-otal sun cire abin toshe bahon wanka, wani ma ya kafa injin tace ruwan teku. Nan mai otal ya taɓa aljihunsa, baƙo kuma yana gani da idonsa cewa garin gaba ɗaya ke cikin ƙishi.

Mu a nan, manyan otal-otal na Abuja da Kano sun ɗauko katin tawul, amma matsalarmu tana bayan katanga. Janareto na ruri dare da rana, hayaƙinsa na shiga gidajen maƙwabta. Rijiyar burtsatse na cika wurin ninƙaya, mutanen layin kuwa na jiran mai kura ya kawo jarka. Da azumi a raba buhunan shinkafa gaban kyamara, a ce an sauke nauyin al'umma. A ganina, famfo ɗaya da aka fito da shi jikin katanga don 'yan unguwa ya fi wannan duka, haka ma faifan sola a kan rufi, da sayen tumatir da albasa kai-tsaye daga manoman Kadawa, da biyan mai shara albashinta a kan kari. Kowanne cikinsu sai mai otal ya fitar da kuɗi, shi ya sa ba a cika ganinsu ba.