Aikin Mai Saita Gudun RAM

Mutum ya sayi RAM da aka rubuta 3200 a kwalinta, ya saka a kwamfutar tebur, ya duba, sai ya tarar tana gudu a 2133. Ba cutarsa aka yi ba. RAM ita ce ma'ajiyar wucin gadi inda kwamfuta ke baje abin da take aiki a kai, kuma kowace sandar RAM takan fara da gudun da ba ya ba kowa matsala. Gudun da ke kan kwali yana ajiye a cikinta, sai an shiga an kunna shi. Intel ta raɗa wa wannan tsari suna XMP, AMD kuma ta fito da nata, EXPO, a 2022.

Gwanin aikin yakan kunna na'ura yana danna Delete ko F2, ya shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ya zaɓi tsarin, ya adana. Wani sa'in sai allo ya yi baƙi ƙirin, fanka na juyawa, babu komai. Mai gaggawa nan take zai zare waya. Shi kuwa sai ya harɗe hannu ya jira, don ya san madabod, musamman mai RAM nau'in DDR5, kan ɗauki mintuna tana gwada sigina tsakaninta da sandunan kafin ta yarda ta tashi. In shirun ya yi yawa, ya kashe, ya cire wuta, ya zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya dakata kaɗan ya mayar. Saiti ya koma yadda ya zo daga kamfani.

Kafin ya taɓa wata lamba, da ido yake farawa. Sanduna biyu a madabod mai gurbi huɗu, galibi a na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake sa su. Yakan danna kowace har sai ya ji ƙas, domin sandar da ba ta zauna daram ba tana iya sa a zargi saitin da bai yi laifi ba.

Daga nan sai littafi da biro, kuma wannan ne ya fi burge ni. Abu uku yake juyawa: gudu, jinkiri da ƙarfin wuta. Lambobin nan irin su 16-18-18-38 ƙidayar bugun da RAM ke jira ne kafin ta amsa umarni. In an matse su da yawa, sai ta riƙa amsa ba daidai ba. DDR4 a bolt 1.2 take zama, amma yawancin masu 3200 da 3600 suna neman 1.35. Abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda, ya rubuta, ya gwada. Wanda ya juya uku tare, in kwamfuta ta mutu bai san wanne ya kashe ta ba, in ta tashi bai san wanne ya tashe ta ba. Ya kuma san mai sarrafa RAM a cikin furosesa yake, kuma furosesa biyu iri ɗaya ba lallai su jure gudu ɗaya ba. Sanduna huɗu sun fi biyu nauyi a kansa.

In manhajar CPU-Z ta nuna 1600, hankalinsa ba ya tashi, don DDR sau biyu take aika bayanai a bugu ɗaya, 3200 ke nan cif.

Tashin Windows ba ya gamsar da shi. RAM mai tangarɗa tana iya yini lafiya lau alhali tana gurɓata fayil a ɓoye. Shi ya sa yake ɗora manhajar gwaji ta MemTest86 a filasha, ya rufe murfin akwatin kwamfutar domin zafi ya taru kamar yadda zai taru a aikin yau da kullum, ya bar ta ta kwana tana gwaji. Kuskure ɗaya tak ya bayyana, sai ya sauko, misali daga 3600 zuwa 3466, ko ya sassauta jinkiri daga 16 zuwa 18, ya rubuta a littafinsa, ya sake gwajin daga farko.